Wayar Da Ya Ja A Gidan Wani

"Mutumin da kullum yana saman tsani a gidajen mutane, shi za ki kawo mana a matsayin suruki?"

Yaya bai ko ɗago daga kan wayarsa ba da ya yi maganar. Auta na tsaye a bakin ƙofar falo, mayafi a kafaɗa, jaka a hannu. Umma na gefe a kan kujerarta tana ɗinke bakin wani zani da allura, kamar ba zancen 'yarta ake ba.

"Sana'a ce, Yaya. Ba sata yake hawa yi ba."

"Na ji. Sana'ar da yau akwai, gobe babu. Ga Dokta nan, tun muna makaranta na san shi, shagunan maganinsa kowa ya san su. Mutum mai hankali, mai rufin asiri. Me ya yi miki?"

"Bai yi mini komai ba. Ba na son sa ne kawai."

Yaya ya miƙe ya ɗauki makullin mota. "Tun da Abba ya rasu ban taɓa hana ki abin da kike so ba. Wannan dai ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba."

Sai da ƙarar motarsa ta ɓace sannan Umma ta tsinke zaren da haƙori.

"Ina za ki da ranar nan?"

"Kasuwa, Umma. Na'urar nan da na faɗa miki zan saya."

"Ta gidan saman gidan burodi?"

Auta ta sunkuyar da kai tana murmushi. Duk gidan Umma kaɗai ta san zancen, don ita Auta ba ta iya ɓoye mata komai.

"Allah ya tsare hanya," Umma ta ce, ta koma kan ɗinkinta.

Auta malamar lissafi ce. Da safe tana makaranta, da yamma tana koyar da yara ta bidiyo daga ɗakinta, kuma a nan mafi yawan abin hannunta ke fitowa. Da can intanet ya sha ba ta kunya. Tana tsaka da bayani sai ya yanke, yara su watse, iyaye su fara ƙorafi. Wanda ya raba ta da wannan shi ne saurayin da kowa ke kira Injiniya, duk da bai taɓa taka jami'a ba. Aikinsa jan wayar intanet da haɗa kwamfutoci a gidaje da ofisoshi. Ya zo gyara, ya gyara, amma zuwan bai ƙare ba.

Duk da ƙin da Yaya ke yi, su biyun sun riga sun ga gidan da za su zauna: ciki biyu da falo a saman wani gidan burodi, matakala mai tsayi, ƙamshi na hawowa ta taga. Ranar da dillali ya buɗe musu, ita tana leƙa kicin, shi yana bin bango yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa.

"Malama, zo ki ji. Wannan bangon siminti ne zalla. Waifai ba zai ratsa shi da ƙarfi ba, ko wace irin rawuta muka saya, wato na'urar da ke raba intanet a cikin gida."

"To ya za a yi?"

"Rawutar za ta zauna nan tsakiyar gida, a sama, ba bayan talabijin ba inda mutane ke ɓoye ta. Daga nan in ja waya ta bi saman ƙofa, ta shiga ƙaramin ɗakin, ta sauka daidai inda teburinki zai zauna. Kwamfutarki ta wannan wayar za ta sha intanet. Ko duk gidan na kallon bidiyo, darasinki ba zai yanke ba."

"In an ɗauke wuta fa?"

"Ɗan ƙaramin batir ya ishe ta, ba ta da ci. Kuma kada kowa ya ruɗe ki da babbar nan mai eriya ta ko'ina kamar ƙaguwa. Kuɗin ado ne a gida irin wannan. Matsakaiciya za mu saya, abin da ya rage mu zuba a waya mai kyau, don ita ce za ta yi shekaru a bango."

"Wato har a miji matsakaici na zaɓa," ta ce.

Ya yi dariya har dillali ya leƙo ya ga ko lafiya.

A ranar suka raba aiki. Haya tasa, rawuta da batir nata. Tun daga nan ta fara matse hannu, ta haƙura da sabon takalmi, ta ƙara ɗalibai. Kwana biyun nan dai in ta kira shi ba ya cika ɗauka, in ya ɗauka sai ya ce aiki ne ya sha kansa. Ba ta sa komai a ranta ba. Ta san haɗa kuɗin haya ba wasa ba ne.

Layin masu kayan kwamfuta cike yake, kowane shago da nasa kiɗan. Ta wuce masu kiran "Hajiya, zo ki gani" har ta kai shagon wani dattijo mai tabarau a ƙarshen hanci, inda Injiniya ke sayen kaya. Kowa Baba yake ce masa.

"Baba, rawuta nake so, matsakaiciya. Mai ramukan waya a baya, wadda kuma ke karɓar sim, don in layin gida ya mutu a koma kansa."

Baba ya dube ta ta saman tabarau. "Ke dai an karantar da ke."

Ya sauko da guda biyu. Ɗaya sabuwa a kwalinta, ɗaya ta hannu, gefenta ya ɗan koɗe.

"Wannan ta hannu ce, amma lafiyarta ƙalau. Wani ofis ne ya canza kaya."

Ta juya ta, ta duba ramukan. "Cajarta ta asali ce?"

"Ta asali."

"A jona mini in gani. Kuma in ta ba ni matsala a satin farko, dawo da ita zan yi."

"'Yar nan, ciniki kika zo ko shari'a?"

Ya jona, fitilun suka kama ɗaya bayan ɗaya. Suka shiga tayi, tana ragewa yana rantsuwa, ta ɗauki jaka kamar za ta tafi, ya kira ta. Har sun kusa daidaitawa sai ya tsaya, ya gyara tabarau, ya ƙura mata ido.

"Tsaya. Ba ke ce Malamar Injiniya ba? Kun taɓa zuwa tare."

"Ni ce, Baba."

"To me za ki yi da wannan? Ai shekaranjiya ya zo ya ɗauki babbar, mai eriya da yawa, da naɗin waya guda, da batir babba. Ya ce na gidan amarya ne a saman gidan burodi. Ko tayi bai yi ba."

Auta ta ɗago ta dube shi. Shi da ya ce kuɗin ado ne? Sai kuma wani daɗi ya taso mata daga ciki. Ashe aikin da ya sha kansa ke nan. Ya samu babban aiki, ya biya haya, yana shirya mata gida a ɓoye.

"Kai, na yi suɓul da baka," Baba ya ce yana mayar da rawutar kan kantar shagon. "Kada ki ce ni na faɗa."

"Ban ji komai ba, Baba."

Ta tsaya a gidan burodin ta saya masa lemo mai sanyi, ta hau matakalar tana riƙe da bakin zaninta. Tun daga tsakiya ƙamshin sabon fenti ya danne na burodi. Ƙofar a buɗe take kaɗan.

Ta tura.

Falon ya canza. Labule ruwan toka, irin wanda ta taɓa cewa tana so. Talabijin babba jingine da bango, ba a ko cire ledarsa ba. A tsakiyar gidan, a sama, rawutar na zaune da eriyoyinta. Farar waya ta fito daga bayanta, ta bi saman ƙofa a miƙe, ta nufi ƙaramin ɗakin.

Injiniya na saman tsani, ya ba ta baya, guduma a hannu, ƙananan ƙusoshi a bakinsa.

"Asirinka ya tonu," ta ce.

Ya juyo. Ƙusoshin suka zube a ƙasa. Ta jira dariyar nan tasa, ba ta zo ba.

"Wa ya ce ki zo nan?"

"Haka ake tarbar uwargida? Ga lemo na kawo maka."

Bai sauko ba, bai karɓa ba. Ta ajiye kwalbar a kan taga, ta wuce ƙaramin ɗakin. Sabon tebur ne daidai inda suka ce, kusa da taga, bakin wayar na lilo a gefensa. A ƙasa kuma kwalaye ne jibge, an cika su da kayan gida. Ta sunkuya ta duba. Kwalayen magani ne, kowanne da tambarin shagon da ta sani.

Ta daɗe a sunkuye kafin ta miƙe.

"Waɗannan kwalayen daga ina?"

Ya riga ya sauko, yana tsaye a bakin ƙofa yana murza gudumar a hannu.

"Malama, ki zauna."

"Ba zan zauna ba. Daga ina?"

"Dokta ne ya kama gidan. Saman gaba ɗaya."

"Dokta." Ta maimaita a hankali. "Kai kuma me kake yi a ciki?"

"Aiki aka ba ni."

"Wace ce amaryar?"

Ya kalli wayar da ke lilo.

Ta dafa teburin. Da ta tuna na wane ne sai ta janye hannun.

"Na kasa haɗa kuɗin hayar," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Na yi iya yina. Dillali ya gaji da jira, ni kuma na ji kunyar faɗa miki. Ana haka Yayanki ya same ni a shago. Ya ce ko zan shekara goma ina zuwa ba zai ba ni ke ba. Ya ce in ina son ki da gaske in bar ki ki huta. Sannan ya ce akwai aiki, wannan gidan, da duk shagunan Dokta, da ofishinsa shi kansa."

"Sai ka karɓa."

"Ina da ƙanne a makaranta, Malama. Ban taɓa samun aiki irin wannan ba."

"Ni ban san kana da ƙanne ba? Ba ni ke yi musu lissafi ranar hutu ba?" Hawayen suka ɓalle, ba ta share ba. "Da ka zo ka ce mini ka kasa, wallahi ɗaki ɗaya zan zauna da kai. Da ka zo ka ce ka gaji da faɗa da Yaya, zan yi kuka, amma zan ce namiji ne, ya faɗa mini a fuska. Ina can ina hana kaina takalmi, ina tayin rawuta ta hannu, kai kana nan kana shirya wa wani ɗakina."

"Na ga ko na ƙi, wani za a kira. Ya zo ya yi miki aikin banza, ya sa waya mai arha, ya ɓoye rawutar a bayan talabijin. Na ce tunda ba ni zan zauna da ke ba, aƙalla..."

"Aƙalla ka sayar da ni da garanti."

"Kada ki ce haka."

"To me zan ce? Labulen nan, wa ya faɗa masa launin?"

Ya kawar da kai.

"Teburin nan kusa da taga, wa ya faɗa masa?"

"Ya tambaye ni abin da kike so."

"Ka faɗa masa duka?"

Ya gyaɗa kai.

Wannan ya fi komai yi mata ciwo. Maganganun da ta yi masa a waya tana dariya, waɗanda ko ƙawarta ba ta sani ba, ya kwashe su kaf ya miƙa wa wani. Har inda ta ce za ta sa tukunyar fure, an ajiye tukunya a wurin.

"Yaushe ka yi niyyar gaya mini?"

"Idan na gama aikin."

"Don kada in hana a biya ka."

"Don ba ni da fuskar kallon ki." Idanunsa sun kaɗa sun yi ja. "Kina ganin daɗi nake ji? Duk ƙusar da na buga a bangon nan sai na ji kamar a jikina. Ina son ki, Allah ya sani. Amma ki dubi gidan nan, ki dube ni. Me zan ba ki?"

"Ban taɓa tambayar ka me za ka ba ni ba. Kai da Yaya kuka zauna kuka yi wannan lissafin, ba wanda ya kira ni."

Suka ji takun takalmi a matakala. Dokta ne ya shigo da sallama, dogo, fes da shi, leda a hannu. Ganin ta ya sa fuskarsa ta washe.

"Malama, ashe kin zo. Na so sai an gama tukuna. Ya kika ga wurin? Injiniya ya yi ƙoƙari, komai sai ya ce ga yadda za ki fi so."

Sai a lokacin ya lura da hawayenta. Ya dubi Injiniya, ya dube ta, murmushin ya janye.

"Yayanki ya ce mini kin amince," ya ce a hankali.

Auta ta goge fuska da gefen mayafi. "Dokta, kai ba ka yi mini laifi ba. An faɗa maka abin da ba haka ba ne. Amma ka ji daga bakina, gidan nan ba zan taɓa kwana a cikinsa ba."

Ta raɓa ta tsakaninsu ta fita. Injiniya ya biyo ta har kan matakala yana kiran "Malama", ba ta waiwaya ba.

Da la'asar ta isa gida. Yaya bai dawo ba. Umma na tsakar gida tana kwashe shanya. Auta ta jefar da jakar, ta faɗa jikinta, kukan da ta riƙe tun a hanya ya ƙwace.

"Umma, ya ci amanata. Gidan nan, Dokta ne ya kama shi, kuma shi ke ja masa waya. Yaya ne ya saye shi da aiki."

Umma ta yi ta shafa bayanta, ba ta ce komai ba. Ba ta yi salati ba, ba ta tambayi yaya aka yi ba. Shirun ne ya sa Auta ta ɗago.

Ta tuna cewa mutum ɗaya kaɗai ta faɗa wa inda gidan yake.

"Umma, ke ma kin sani?"

Umma ta ajiye kayan a kan kujera, ta zauna a gefensu.

"Ni na ce a ba shi aikin."

Auta ta ja baya.

"Zauna ki ji. Na gaji da ganin ku ke da Yayanki kamar abokan gaba. Na ce masa, je ka gwada yaron nan. Ka ajiye masa aiki a hannu ɗaya, 'yata a ɗaya. In ya ture aikin, ni zan tsaya masa, ko ka so ko ka ƙi, kuma Dokta ya nemi wata. Yayanki ya yarda, don ya tabbata shi zai ci." Ta sunkuyar da kai. "Na zauna a nan ina roƙon Allah yaron ya ƙi. Ni ma ina son sa, Auta. Yana da ladabi."

"Sai me ya ce?"

"Ko cewa a bar shi ya kwana yana tunani bai yi ba. Tambaya ɗaya ya yi, yaushe za a fara."

Auta ta rufe baki da hannu. Ta ɗauka ta gama jin mafi muni a can saman gidan burodi.

"Kuma kika bar ni na fita yau da jakata, ina murna."

"Da na faɗa miki, za ki yarda? Cewa za ki yi Yayanki ne ya shirya."

"Shi kuka gwada, Umma, amma da ni kuka yi gwajin. Ke ce kaɗai nake kawo wa maganata. Shi ya kai wa Dokta launin labule, ke kin kai wa Yaya gidan gaba ɗaya. Yanzu wa ya rage mini?"

Umma ta miƙo hannu. Karo na farko a rayuwarta Auta ba ta kama ba.

Ana haka aka yi sallama a ƙofar gida. Dukansu sun san muryar. Umma ta yafa mayafi ta fita, ta ɗan jima, ta dawo ta tsaya a bakin ɗakin Auta.

"Shi ne. Ya ce ya ajiye aikin, ya mayar wa Dokta makulli. Ya ce ba zai tafi ba sai ya gan ki. Wannan karon ba zan sa baki ba. Me zan ce masa?"

Auta na zaune gaban kwamfutarta, ta wanke fuska, lokacin darasi ya yi, yara sun fara shigowa ɗaya bayan ɗaya.

"Ki ce masa ina da aji."

Umma ta juya za ta tafi. Kafin ta kai tsakar gida, suka ji motar Yaya ta tsaya a ƙofa.